Gashin da Maman Biyu Ta Ɓoye

Lokacin da aka ƙirƙiro jiha, an ce duk ma'aikacin da asalinsa ya faɗa ɓangaren Jigawa ya tattara ya koma Dutse. Ina cikin waɗanda aka kwaso daga gidan rediyo a Kano, domin iyayena mutanen karkarar Kafin Hausa ne. Garin bai shirya karɓarmu ba. Gidajen haya sun yi kaɗan, har wasu abokan aikinmu suka zaɓi sammako daga Kano kullum su koma da yamma. Ni da maigidana mun sha sauya matsuguni kafin mu samu wani gida a Yalwawa mai sassa biyu da tsakar gida ɗaya. Ɗaya sashen wani direban gwamnati ne a ciki da matarsa, wadda kowa ke kira Maman Biyu saboda da tagwaye ta fara haihuwa.

Kitso take yi. Ba ta da shago, tabarma ce kawai a gindin darbejiyar tsakar gida, da kujera 'yar tsuguno, da kibiya da mataji da gwangwanin mai. Amma hannunta ba shi da zafi, tsagarta kuma miƙaƙƙiya ce, saboda haka matan unguwa ba sa rabuwa da gindin bishiyar nan. Da kuɗin kitson take sayen sabulu da takalman yara, ba ta jiran albashin direba. Ni Hajiyar Labarai take ce min, tun kafin in je Makka. Idan na dawo daga aiki sai ta tare ni da gyara.

"Hajiyar Labarai, yau kin ce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Dutse. A wace unguwar? Mu dai nan ko shanyata ban kwashe ba."

Shekaru muka yi a haka. Ita ke riƙe min yara idan aikin safe ya faɗo kaina, ni ke raka ta asibiti idan tagwayen sun kwanta. Ba ni da 'yar'uwa a Dutse, ita ma ba ta da.

Duk macen da ta taɓa zama gaban mai kitso ta san yadda ake ƙarewa. Gashin da mataji ya kwaso, mai kitso takan dunƙule shi ta sa miki a tafin hannu, ke kuma ki san inda za ki kai shi, ko masai ko rami. Ba a barin gashi a hannun wani, domin an ce da shi ake yi wa mutum sammu. Yawancinmu mun daina tuna dalilin. Muna karɓa ne kamar yadda ake karɓar gaisuwa.

Bayan haihuwata ta uku ƙiba ta zo min, ta zauna. A danginmu wannan abin murna ne. Mu jinin makiyaya ne, sirara, kuma mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta daɗe tana jin kunyar yadda nake kamar sillen kara alhali ina cin albashi. Da ta gan ni na cika ta ce yanzu ne aka san ina da miji. Sai dai gwiwoyina ba su yi murna ba, kuma akwai maganar numfashi. Mai karanta labarai da numfashi yake aiki, makirufo kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Wata rana aka kunna min faifan labaran da na karanta, na ji kaina ina haki tsakanin jimla da jimla kamar wadda ta hau dutsen bayan gari. Likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa. Ya ce in rage tuwo, in riƙa tafiyar ƙafa.

Na gwada tafiyar. Amma matar aure da ke tafe a bakin titi ba kaya a hannu ba inda ta nufa, a Dutse ta wancan lokaci, abin tambaya ce. Kafin in yi nisa wani ya tsaya da mota ko babur yana tambaya ko lafiya, ko mota ce ta lalace. Na haƙura.

Wata abokiyar aikina ce ta kawo min maganin daga wani kemis a Kano. Ƙananan ƙwayoyi ne, rubutun kwalin ma da harshen da ban iya ba. Ta ce ɗaya da safe, shi ke nan. Abin da ta faɗa kuwa ya tabbata. Yunwa ta ɗauke min gaba ɗaya, sai in wuni da shayi da 'yar gurasa, bakina a bushe, barci kaɗan. Zannuwana suka fara zagaye ni har da saura. A shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a, manyan hijabai suka cika gari, don haka a waje fuskata kawai ake gani tana tsukewa. A cikin gida kuwa Maman Biyu na ganin komai. Na nuna mata kwalin, ta juya shi ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ikon Allah. Mu muna nan muna shan kunun gyaɗa ko ma samu abin ɗaura zani, ke kin sayi rama da kuɗinki. Ki ba ni ƙibar mana in kin gaji da ita."

Da zuciyata ta fara bugawa kamar ana kirɓa sakwara, na koma wurin likita na faɗa masa gaskiya. Ya yi min faɗa sosai, ya ce in zubar da sauran. Na zubar har kwalin. Wannan kafin azumi ne. Na yi azumina lafiya, aka yi ƙaramar salla, ban ga komai ba. Sai da layya ta gabato na fara ganin gashi a kan matashi, da cikin ɗankwali, da bakin magudanar banɗaki. Gashina na Fulani ne, mai tsawo da santsi, shi kaɗai ne abin da na gada wurin Inna wanda ban taɓa raina shi ba. Na ce wa kaina amosanin ka ne.

Ana cikin haka Inna ta iso. Wata 'yar garinmu ce ta gan ni a wurin biki ta kai mata labarin na lalace. Ta sauko daga bas da ƙwaryar man shanu a ɗaure cikin tsumma, ta dube ni tun daga sama har ƙasa, sannan muka gaisa. Daga nan ta shiga madafa ta buɗe buhunan hatsi ɗaya bayan ɗaya. Ta ga akwai abinci. Wannan ya ƙara tayar mata da hankali, domin da yunwa ce da ta san maganinta.

Jajiberin salla na zauna kitso. Mata sun cika gindin darbejiya suna jiran layi, Inna na gefe a tata tabarmar tana tsintar shinkafa. Wadda ake yi wa kitso ba ta ganin komai sai ƙafafunta, kaina na sunkuye a cinyar Maman Biyu. Abin da na lura da shi kawai shi ne ta yi shiru lokacin da ta fara tajewa, sannan ta ɓarke da surutu fiye da yadda ta saba, tana ba da labarin ragon da mijinta ya sayo wanda ta ce ko kyanwa ta fi shi nama. Ta yi min manyan kitso maimakon ƙananan da na saba, ta ce su ake yayi. Da ta gama ta sa min ɗan dunƙulen gashi a hannu, bai fi goro ba. Na ji sanyi a raina, na ce ashe zubar ba ta kai yadda nake tsoro ba.

Sai na ji muryar Inna.

"Sauran fa?"

Maman Biyu ta ce, "Na'am, Inna?"

"Sauran gashin 'yata. Ina kika kai shi?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ajiye faifan shinkafa, ta taso ta ɗaga gefen tabarmar da Maman Biyu ke zaune a kai. Gashi ne a wurin, baƙi, cunkus, ya fi cikin hannu biyu. Ban taɓa ganin gashi mai yawan haka a rabe da kai ba. Na kai hannu na shafa kitsona, na ji faɗin tsagar da ke tsakaninsu, sai a lokacin na gane dalilin manyan kitson.

Maman Biyu ta durƙusa. "Inna, wallahi tallahi don kada ta gani ne hankalinta ya tashi. Gobe salla, ita za ta karanta labarai. Na ce in ta tafi in zuba a masai. Wancan karon ma haka na yi, ba ta sani ba."

Da ta tsaya a rantsuwar farko, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Inna ta juya ta dubi matan da ke zaune.

"Kun ji da kunnenku. Ashe ba yau ta fara ba."

Na tashi na shiga tsakani. Na ce Inna, ba haka ba ne, magani na sha, maganin rage ƙiba, shi ya ramar da ni, kuma ina jin shi ne ya taɓa gashin. Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Inna ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi idan ya fara sambatu.

"Maganin me?"

"Na rage ƙiba, Inna."

"Ɓingel, 'yata, tun da uwata ta haife ni na san maganin ƙiba, na mutum da na dabba. Ban taɓa jin wanda ya sha magani don ya rame ba. Ina maganin yake?"

Na ce na zubar. Ta gyaɗa kai, ta tattara gashin nan kaf ta ƙulle a bakin zaninta. Wata daga cikin matan ta ce ta bar tukunya a wuta, za ta dawo. Wata ta bi ta. Kafin la'asar gindin bishiyar ya zama ba kowa, a ranar da Maman Biyu ta saba kaiwa magariba hannunta bai huta ba.

Bayan salla na je wurin likita. Ya duba kaina ya ce abin sananne ne. Idan jiki ya zube da sauri, ko ta magani ko ta ciwo, yakan janye abinci daga gashi ya kai inda ya fi bukata. Saiwar gashin sai ta yi barci, amma gashin ba ya faɗuwa nan take, sai bayan wata biyu ko uku, lokacin da mutum ya manta da abin da ya jawo. Ya ce in ci abinci sosai, zai fito da kansa.

Na dawo na zaunar da Inna na yi mata bayanin nan da Hausa mafi sauƙi da na iya, ni da aikina ke nan. Ta saurara har ƙarshe, domin ba ta katse mutum. Sannan ta tambaye ni yaushe na daina shan maganin da nake faɗa. Na ce kafin azumi. Ta ce yaushe gashin ya fara zuba. Na ce gab da layya.

"To. Saniya idan rani ya ci ta, a lokacin ramar gashinta ke zuba, ba bayan ta koma kan ciyawa ba. Abin da kika sha kafin azumi ya daɗe da fita jikinki. Wanda ya taɓa kanki tsakanin salla da salla shi za a tambaya."

Inna ba muguwa ba ce, kuma ba ta taɓa cewa Maman Biyu ta yi min sammu ba. Ko da direban ya fusata ya ce sai an je gaban alƙali, a lokacin da maganar kotu ke bakin kowa, matarsa ce ta hana shi. Ta ce, "In alƙali ya ce na ɓoye ko ban ɓoye ba, me zan ce masa?" Aka tsaya wurin mai unguwa. A can Inna ta ce ita ba ta zargin kowa, abin da idonta ya gani kawai ta faɗa: an ɓoye gashin 'yarta a ƙarƙashin tabarma, mai ɓoyewar ta amsa cewa ta taɓa yi, 'yarta kuma ta rame gashinta na zuba. Mai unguwa ya nemi inda ƙarya take a ciki bai samu ba. Ya ce a yafi juna, aka yi addu'a aka tashi. Na yi shekaru ina tace labarai, na san yadda ake gyara labarin da ke da kuskure. Wannan ba shi da kuskure ko ɗaya, kuma duk wanda ya ji shi abu guda yake fahimta.

Na bi gidajen unguwa da kaina. Matan suka karɓe ni da mutunci, suka kawo ruwa, suka saurari zancen ƙwayoyi da saiwar gashi. Wata dattijuwa ta dafa ni ta ce, "Allah sarki, ke dai zuciyarki fara ce." Daga baya na ji abin da ake faɗa bayan na fita, wai ai irin abin ke nan, wanda aka yi wa shi ne kan gaba wajen kare wanda ya yi masa. Wasu kuma ba su yarda da sammun ba sam, malaman unguwa ma suna wa'azi a kan camfi, amma ko su sai suka ga ba asara a sauya mai kitso. Ai masu kitso ba su ƙare ba. Da na nemi abokiyar aikina ta zo ta yi shaida, ta roƙe ni in rufa mata asiri, mijinta bai san tana sha ba.

Maman Biyu ba ta daina gaishe ni ba. Ta dai daina gyara min labarai. Na ce mata ta ci gaba da yi min kitso a tsakar gida kowa ya gani, ta ce, "Hajiya, bar kan nan ya huta, babu abin kamawa." Tun daga ranar ban ƙara jin Hajiyar Labarai a bakinta ba. Kitson ya koma na 'yan yara, su ma sai waɗanda iyayensu ba su da zaɓi. Daga baya ta sayi kasko ta fara suyar awara a ƙofar gida.

Inna ta koma gida ta shiga aiki. Duk wanda zai zo Dutse sai ta ba shi saƙo, rubutu a jarka, turaren hayaƙi, man shanu da aka cuɗa da garin wani ganye. Maigidana ya ce in yi amfani da su don hankalinta ya kwanta, ayoyin Allah ne da man shanu, ba abin da za su rage ni da shi. Na sha, na shafa. Ina kuma cin ƙwai da wake da nama kamar yadda likita ya ce. Da damina ta kankama sai ga ƙananan gashi sun tsiro a goshina, tsaye kamar sabuwar shuka.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Ban hango abin da fitowar ke nufi ga maƙwabciyata ba sai da Inna ta dawo. Ta zare min ɗankwali a tsakar gida, ta shafa sabon gashin, ta ɗaga hannu ta gode wa Allah da ya karya abin. Maman Biyu na bakin rijiya tana jin ta. Kafin sati labari ya zaga cewa an yi magani ya ci. Da gashin bai fito ba, da wataƙila wasu sun ce ciwo ne. Da ya fito, sai waɗanda ke shakka ma suka daina.

Na shirya wani shiri a rediyo na gayyato likita ya yi bayanin magungunan rage ƙiba da zubar gashi, na yi masa tambayoyin da na san amsarsu don a ji. Matan unguwa suka ce sun saurara, shirin ya yi kyau.

Direban ne ya nemi a mayar da shi Garki, aka amince. Ranar da za su tashi, motar ɗaukar kaya ta zo da hantsi. Na shiga sashensu na tarar an kwashe komai, Maman Biyu na tsaye tana ɗaure tabarmi. Na riga na ba ta haƙuri sau da yawa, kullum amsarta ɗaya, ba ni na yi mata ba, rabo ne ya ƙare. Don haka ban maimaita ba. Na taya ta ɗaurin. Da muka gama ta dube ni.

"An ce ya fito sosai. Mu gani."

Na cire hijabi na zare ɗankwali. Ta matso, ta mayar da hannayenta duka biyu baya ta riƙe, ta zagaya ni a hankali tana dubawa, ba ta taɓa ba.

"Masha Allah. Wa ke yi miki yanzu?"

Na faɗi wata mata a bayan masallaci.

"Tana ja da yawa a goshi. Sabon gashi ba ya son ja. Ki ce ta sassauta, in ba haka ba zai sake tafiya, kuma wannan karon ba ni kusa balle a ce ni ce."

Ta yi 'yar dariya, ni na kasa. Mijinta ya yi kira daga waje cewa rana na yi. Ta ɗauki tabarmin ta fita, na bi ta har bakin mota da ɗankwalina a hannu, sai da wata maƙwabciya ta yi min nuni sannan na tuna kaina a buɗe yake.

Ƙibar ta dawo cikin shekara biyu, har ta fi ta da. Na je Garki sau ɗaya da aiki, na yi tambaya a kasuwa ko an san wata Maman Biyu mai kitso. Aka ce akwai Maman Biyu matar direba, amma awara take sayarwa, ba su taɓa jin ta iya kitso ba.